Dokar ƙasa da ƙasa ko hulɗar ƙasa da ƙasa: wanne ɗalibinmu zai ɗauka a digiri na biyu?

Ɗan yayana ya gama digirinsa na farko a fannin shari'a da doka ana saura 'yan watanni yaƙi ya ɓarke a Khartum, ranar 15 ga Afrilun 2023. Tun lokacin yana tare da mu a Gadarif, yana taya wani ɗan'uwanmu lissafin buhunan riɗi a kasuwar amfanin gona. Kwanan baya, bayan sallar isha'i, muna zaune a rakuba, wato rumfa, ana zuba mana jabana, gahawarmu ta nan, sai ya gyara zama ya ce, "Baffa, ina so in koma karatu in yi majistir, amma na rasa wanda zan ɗauka tsakanin dokar ƙasa da ƙasa da hulɗar ƙasa da ƙasa. Wasu sun ce mini ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai."

Ba haka ba ne. Na yi shekaru ina duba kundin ɗalibai a sashen kimiyyar siyasa, na kuma ga masu hazaƙa da suka ɓata shekara biyu saboda sun shiga ɗaki ɗaya alhali tambayar da ke cin ransu tana ɗaya ɗakin. Abin da na faɗa masa a daren, da abin da na ƙara tunawa daga baya, shi ne nake rubutawa a nan, don na san ba shi kaɗai ne a wannan mararraba ba.

Fannonin biyu suna kallon abu guda, amma tambayarsu daban. Mai nazarin doka yana tambaya: me aka rattaba wa hannu, wa ya rataya a wuyansa, wace kotu ce ke da hurumi, kuma an saɓa ko ba a saɓa ba? Mai nazarin hulɗa yana tambaya: me ya sa ƙasa kaza ta yi abin da ta yi, wace riba take hange, wa take tsoro, wa take jin kunya?

Mu ɗauki misalin da kowane ɗan Sudan ya sani. Ranar 31 ga Maris 2005 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1593, ya miƙa batun Darfur ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Heg, wanda mu a nan muke kira Lahai. A Maris na 2009 kotun ta fitar da sammacin kama shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, a Yulin 2010 ta ƙara na biyu bisa zargin kisan ƙare dangi. Ɗalibin doka zai fara da cewa Sudan ta sa hannu a Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun, amma ba ta tabbatar da ita ba, to ta wace ƙofa kotun ta shigo? Zai je sashe na 13 na yarjejeniyar, da babi na bakwai na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga nan zai faɗa cikin taƙaddamar da ta ɗauki shekara goma ana yi: sashe na 27 ya ce muƙami ba ya zama rigar kariya, sashe na 98 kuma ya ce kotu ba za ta tilasta wa ƙasa ta karya alƙawarin kariyar da ke tsakaninta da wata ƙasa ba. Zai karanta abin da kotun ta ce game da Afirka ta Kudu, wadda ta bar al-Bashir ya fita a Yunin 2015, da hukuncin ɗaukaka ƙara na Mayun 2019 game da Jodan, wadda ita ma ba ta kama shi ba. Aikinsa shi ne ya ce hujjar alƙalan ta tsaya da ƙafarta ko tana ɗingishi, ya kuma nuna a ina.

Ɗalibin hulɗa kuwa wani wuri idonsa zai tsaya. Ƙasashe 11 ne suka jefa ƙuri'ar amincewa da ƙudurin, huɗu suka ƙaurace: Amurka, Sin, Aljeriya da Brazil. Me ya hana Amurka, wadda ba ta cikin kotun kuma take adawa da ita a lokacin, hawa kujerar na ƙi? Me ya hana Sin, mai hannun jari a man fetur ɗin Sudan? Me ya sa shugabannin Tarayyar Afirka suka yanke a taron Sirte na Yulin 2009 cewa ba za su ba da haɗin kai wajen kamun ba? Kuma da al-Bashir ya je Abuja a Yulin 2013 don taron Tarayyar kan lafiya ya baro garin da wuri, wane lissafi Najeriya ta yi? Babu sashen dokar da zai amsa waɗannan. Sai an bi tarihi, da kasuwanci, da siyasar cikin gida, da maganar waɗanda suka zauna a ɗakin.

Na ce masa ya saurari kansa. In ya ji labari a rediyo abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne "wannan ai bai halatta ba", to jininsa na doka ne. In kuwa "me suke nema?" ne, to ɗaya fannin yake.

Akwai darasin da wata shari'a ta 2025 ta koyar, kuma ina so duk mai shirin shiga doka ya haɗiye shi tun yanzu. A farkon Maris na 2025 Sudan ta kai ƙarar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa Kotun Duniya, wato wadda ke shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa, ba ta manyan laifuka ba. Ta zarge ta da hannu a kisan ƙare dangin Masalit a Yammacin Darfur, zargin da Daular ta musanta. Ranar 5 ga Mayu kotun ta ce ba ta da hurumi, ta cire ƙarar daga jerinta. Dalili kuwa shi ne lokacin da Daular ta shiga yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948, ta yi togaciya, wato ta ce ba ta yarda a ɗaure ta ba, a kan sashe na 9, wanda shi ne ke ba kotun ikon sauraron irin wannan ƙara. Ko kusa ba a kai ga duba hujjoji ba. Na ga yadda wannan ya yi wa mutane ciwo, ni ma ya yi mini. Amma aikin ɗalibin doka ke nan: ya koma ra'ayin da kotun ta bayar a 1951 kan togaciya a wannan yarjejeniya, da shari'ar Kwango da Ruwanda ta 2006 inda aka yi karo da irin wannan katanga, ya rubuta abin da ya gani ko da zuciyarsa tana son akasinsa. Wanda ba zai iya jure wannan ba zai sha wuya a fannin. Wanda zai iya kuwa zai ga wata rana irin 6 ga Oktoban 2025, lokacin da kotun manyan laifuka ta sami Ali Kushaib, wani jagoran mayaƙan Janjawid, da laifin yaƙi da cin zarafin bil'adama a Darfur, shekara ashirin bayan an miƙa mata batun.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi a wurina, wadda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: da me za ka yi binciken? A halin da ƙasarmu take ciki wannan tambaya ta kusa rinjayar sauran duka.

Kayan aikin doka rubutattu ne, kuma mafi yawansu suna intanet kyauta. Hukunce-hukuncen Kotun Duniya tun daga shari'arta ta farko, takardun kotun manyan laifuka, ƙudurorin Kwamitin Sulhu, matanin yarjejeniyoyi da togaciyar kowace ƙasa, duk mutum zai iya sauke su a wayarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da ɗakin karatu na sauti da bidiyo kan dokar ƙasa da ƙasa, inda manyan malamai ke ba da lacca ba ko sisi. Ni littattafan da na tara shekara da shekaru na baro su a gidan haya a Khartum, da ƙyar muka fita da takardun shaidar yara. Amma a daren da muke maganar nan, kafin jabana ta huce, yaron nan ya sauke hukuncin Bakassi na 10 ga Oktoban 2002 a wayarsa mai fasasshen gilashi, yana karanta mini inda kotun ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Wuta ba ta cin irin wannan ɗakin karatu.

Hulɗar ƙasa da ƙasa ba haka take ba. Bincike mai kyau a fannin yana son bakin mutane: tsohon jakada, jami'in da ya halarci sulhu, ɗan kasuwar kan iyaka, ko kuma tsofaffin takardun ma'aikata. Yau mutanen nan sun watse tsakanin Fot Sudan, Alƙahira, Riyad, Kampala da Nairobi. Wanda ka samu ma sai ya auna ka kafin ya buɗe baki, kuma yana da gaskiya. Ɗaukar littafi da biro kana tambayar wa ke ba wa makami abu ne da zai iya jefa ka da wanda ka tambaya cikin haɗari. In ɗalibi ya rasa waɗannan, abin da yake faruwa na sha gani: ya cika babi na farko da ra'ayoyin Turawa, na masu cewa ƙarfi da maslaha ne ke juya duniya, da na masu cewa ƙungiyoyi da ciniki suna rage gaba, da na masu cewa yadda ƙasa ke kallon kanta shi ke tsara halinta. Sannan sauran babukan su zama labaran jarida da aka jera bisa kwanan wata. Wannan ba bincike ba ne.

Kada a ɗauka doka ba ta da nata ramin. Akwai ɗalibin da zai kwafo sashe bayan sashe, ya fassara, ya ce ya gama. Kundin doka sai da matsala guda da aka yi saɓani a kanta, da ƙa'idar fassara irin ta sashe na 31 na Yarjejeniyar Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi, da matsayar da mai rubutu zai iya karewa a gaban malamai uku.

Harshe ma abin dubawa ne. Kotun Duniya da Ingilishi da Faransanci take aiki. Takardun Majalisar Ɗinkin Duniya akwai su da Larabci, wannan sauƙi ne a gare mu, amma hukunci mai shafi ɗari biyu sai ka shiga Ingilishinsa da kanka. Hulɗa kuma, tun da aka kafa kujerar farfesa ta farko a fannin a Aberystwyth ta Birtaniya a 1919, mafi yawan muhawararta da Ingilishi ake yi. Ko ta ina ka bi, gyara Ingilishinka wajibi ne. Ƙofar shiga kuma ba faɗi ɗaya ba: jami'o'i da yawa ba sa karɓar mutum a digiri na biyu na doka sai yana da na farko a doka, alhali hulɗa tana karɓar ɗan tarihi, ɗan tattalin arziki, har ɗan jarida. Wanda ya karanta shari'a yana da wata riba da bai kamata ya raina ba. Babin siyar a fiƙihu, wato na hukunce-hukuncen yaƙi da zaman lafiya, wanda Muhammad bin Hasan ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya yi fice a kansa, ya tattauna sulhu, amana, jakadu da fursunonin yaƙi ƙarnuka kafin yarjejeniyoyin Janiba na 1949. 'Yan'uwanmu da ke karatu a Makka da Madina, inda ake kiran fannin doka da sunan anzima, suna da malamai da littattafan wannan kwatanci a kusa da su.

Da na tambaye shi abin da ke damunsa da gaske, bai ce Darfur ba, bai ce Jidda ba. Cewa ya yi Fashaga, yankin noman da Sudan da Habasha ke jayayya a kansa. Ya ga manoman da ke kawo riɗi da dawa daga can, ya ji yadda mutum zai share gona da damina bai san ko shi zai girbe ta ba. To a nan na ji daɗi, don wannan batu ne da yake nuna fannonin biyu tsirara.

Ranar 15 ga Mayun 1902 Ingila, wadda ke riƙe da Sudan, ta ƙulla yarjejeniya da Sarki Menelik na biyu kan iyakar Sudan da Habasha. A 1903 wani hafsan Ingila, Manjo Gwynn, ya bi ya kafa alamomin iyaka, kuma Habashawa sun daɗe suna cewa shi kaɗai ya yi aikin ba da wakilinsu ba. A 1972 ƙasashen biyu suka yi musayar takardu kan batun. A ƙarshen 2020, ana tsakiyar yaƙin Tigrai, sojojin Sudan suka shiga suka karɓe mafi yawan filayen. Abin da ya sa takardar 1902 ta zama taska ga mai bincike shi ne sashenta na uku ba kan iyaka yake ba, kan ruwa ne: Menelik ya yi alƙawarin ba zai gina abin da zai tare ruwan Shuɗin Nilu, tafkin Tana ko kogin Sobat ba sai da yarda. Ke nan takarda guda ta ɗaure gonar Fashaga da babbar madatsar Habasha, wadda aka fara a 2011 aka buɗe a Satumban 2025.

Ɗalibin doka zai tambaya: shin ƙasa za ta iya riƙe sashen iyaka ta yar da sashen ruwa, ko akasin haka? Me yarjejeniyar 1978 kan gadon yarjejeniyoyi ta ce a sashe na 11 da na 12? Yaya Kotun Duniya ta yi da irin wannan a shari'ar Hangari da Sulobakiya kan kogin Danub a 1997? Ina matsayin ƙudurin Alƙahira na 1964, inda ƙasashen Afirka suka amince su mutunta iyakokin da suka gada, tunda Habasha ba 'yar mulkin mallaka ba ce lokacin da ta sa hannu? Ina kuma yarjejeniyar 1959 kan ruwan Nilu da ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5, ba tare da Habasha ba? Duk wannan zai iya yin sa daga ɗakinsa a Gadarif.

Ɗalibin hulɗa zai tambayi abin da ya fi wannan daɗin ji: me ya sa aka yi shekaru ana zaman kawaici a Fashaga, manoman ɓangarorin biyu suna noma, sannan abin ya fashe a 2020? Me ya sa Sudan, wadda madatsarta ta Rusairis ke amfana da daidaituwar ruwa kuma ita za ta fara cutuwa in an saki ruwa ba sanarwa, take karkata wani lokaci ga Alƙahira wani lokaci ga Adis Ababa, alhali a Khartum aka sa hannu kan sanarwar ƙa'idoji kan madatsar Habasha ta Maris 2015? Tambaya ce mai kyau ƙwarai. Amma amsarta tana bakin hafsoshi da jakadu na ƙasashe uku, da manyan manoman Amhara a ƙetaren iyaka. Wa zai kai shi wurinsu a bana?

Akwai fage ɗaya da nake ganin hulɗa ta fi doka a hannun ɗanmu, kuma zan so wani ya ɗauke shi. Mu Hausawan Sudan hanyar hajji ce ta kawo kakanninmu, wasu kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi a nuna cewa kakannin mutum suna ƙasar tun ƙarshen 1897, kuma dattawanmu sun san abin da wannan ya jawo musu a ofisoshi. Zirga-zirgar mutane, kuɗi, malamai da kaya tsakanin Kano, Abeche, Junaina, Gadarif da Jidda hulɗar ƙasa da ƙasa ce da ba ta bi ta ma'aikatar harkokin waje. Baƙon mai bincike sai ya nemi tafinta, ya yi wata shida kafin a yarda da shi. Ɗanmu kuwa da sallama da sunan kakansa za a shimfiɗa masa tabarma. Wanda ke zaune a Jidda, kusa da hedkwatar Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a garin da aka sa hannu kan sanarwar kare fararen hula ta 11 ga Mayun 2023, shi ma yana da mutanen da zai tambaya waɗanda mu ba mu da su a nan.

Batun aiki ba zan tsawaita ba, don babu ɗayan biyun da ke ba da aiki a hannu. Mai doka yana da sana'ar da zai koma: lauyanci, ma'aikatar shari'a, ƙungiyoyin agaji da na 'yan gudun hijira, kuma bayan yaƙin nan za a nemi masu sanin dokar yaƙi, diyya da tattara shaida. Mai hulɗa yana hangen ma'aikatar harkokin waje, cibiyoyin bincike, jarida, Tarayyar Afirka ko IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, ƙofofi masu kyau amma ƙunci gare su, kuma sau da yawa sai da harshe na uku.

Na ce masa, "Ɗana, kai dai ɗauki doka. Kana da tushenta, kayan aikinta suna aljihunka, tambayarka kuma tana da takarda. Amma kada ka rubuta wa malaminka cewa za ka yi bincike kan rikicin Sudan da Habasha, wannan kogi ne. Ka ce za ka duba ko sashe na uku na yarjejeniyar 1902 yana nan da ƙarfinsa, da abin da amsar za ta jawo wa sashen iyaka." Na kuma gaya masa cewa da ƙanwarsa ce ta tambaye ni, wadda ta karanta tarihi kuma ba ta gajiya da zama wurin tsofaffi, da hanyar hajji zan tura ta, a sashen hulɗa.

Mun yi da shi zai kawo mini shafi uku ranar Juma'a: tambayar a jimla ɗaya, shari'o'i biyar da zai karanta, da abin da yake zaton zai samu. Na ƙara masa da cewa an rubuta yarjejeniyar da Ingilishi da Amharanci, kuma Habashawa suna cewa lafazin biyun bai zo ɗaya ba a wannan sashe, don haka sai ya ga na Amharancin da idon wanda ya iya. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce akwai wani malamin makaranta daga sansanin 'yan gudun hijirar Habasha na Um Rakuba da ke zuwa kasuwa duk ranar Talata, zai tare shi da kwafin a wayarsa.